Tafiyar Mutum Ɗaya, Haƙƙin Mutum Nawa?

Tun da aka gama kaɗe riɗi aka ɗaure dawa, babu hirar da ake yi a Yalwan Damai kamar ta keken wani ƙanenmu. Keken tsohon Phoenix ne, baƙi, na marigayi mahaifinsa, wanda ya daɗe a jingine a zaure har kaji suka mai da kariyarsa wurin kwana. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin babur zuwa Birnin Kudu ya fi ƙarfin aljihu, sai yaron ya kakkaɓe shi ya koma hawa, kamar yadda mutane da yawa suka yi. Har nan babu wanda ya ce uffan. Magana ta tashi ne ranar da aka gan shi wurin mai faci ya kifa keken, an zare ƙafafun biyu, ana sauya boris da kaca da robar birki, ya kuma sayo sababbin tayoyi alhali tsofaffin ba su suɗe ba. Aka ce ina zuwa? Ya ce Legas. Aka ce da wa? Ya ce shi kaɗai. Aka ce wurin wa, neman me? Ya ce so yake ya ga ƙasar nan a kan ƙafarsa, daga ƙofar gidansu har inda ƙasa ta ƙare ruwa ya fara.

Mun yi dariya, ba za mu ɓoye ba. Amma da muka ga mako ya zagayo yana ta lissafi a bayan littafi, dariyar ta koma muhawara. Baffansa ya ce, "Kai yaro, me ya yi zafi? Mota ce ta ƙare, ko yunwa ce ta kore ka?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ai raina ne, kuma ƙarfina ne zan kashe, ban nemi sisin kowa ba." Wannan amsa ce ta hana mu barci. Shin gaskiya ne ran mutum nasa ne shi kaɗai, har ya ɗora shi a kan sirdin keke ya shiga hanya da shi ba tare da wata larura ba? In kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai, su waye sauran masu haƙƙi, kuma har ina haƙƙinsu ya kai?

Mu dai ba baƙin doguwar tafiya ba ne. Kakanninmu sun yi fatauci har Gwanja, a arewacin Gana ta yau, suna kai kanwa da tufafi suna dawowa da goro, tafiyar watanni a bayan jaki. Alhazan ƙasa sun bi ta Borno da Wadai da Darfur, suna noma a hanya suna tara guzuri, wasu su shekara biyar ko goma kafin su ga Makka, wasu ma ba su dawo ba. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, garin da suka kafa a bakin Kogin Nilu yana nan da sunansa har gobe. To amma duk waɗannan tafiye-tafiye sun haɗu a abu biyu. Na farko, a ayari ake yin su, da madugu da jagaba, da zangon da kowa ya san za a sauka. Na biyu, kowacce tana da sunan da mutane suka yarda da shi: fatauci, hajji, hijira, neman ilimi, cin rani. Tafiyar da babu ayari kuma babu suna, kalmar da muke da ita a kanta ba mai daɗi ba ce. Yawon duniya muke cewa, kuma duk uwar da aka ce ɗanta ya shiga duniya ta san ba albishir aka yi mata ba.

Ko waɗanda suka yi irin wannan tafiya a zamaninmu, sai da suka sa mata sunan da muka sani kafin mu tafa musu. Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja a 2015, ya ce alkawari ya cika na murnar zaɓe. Aliyu Abdullahi Bala ya bar Jos a kan keke a watan Fabrairun 2021, ya ratsa Nijar da Cadi da Sudan, bai shiga Saudiyya ba sai Disambar 2022. Nasa dalilin ziyarar Makka ne. Mamadou Safayou Barry ɗan ƙasar Gini ya taka keke kimanin kilomita 4,000 a 2023 yana neman shiga Jami'ar Azhar ta Masar. Namu ƙanen ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gani kawai yake so. Mun yi ta cewa tafiya mabuɗin ilimi, gani ya kori ji, amma ranar da wani ya ɗauki karin maganar da gaske, sai muka ji kamar ya taɓu.

Mun zauna da shi mun duba lissafinsa, kuma a nan ne muka fara fahimtar abin da ke cikin maganar. Hanyar da ya zana ta bi Birnin Kudu, Kwanar Huguma, Wudil, Kano, Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja, Okene, sannan ƙasar Yarabawa har Legas, kimanin kilomita 1,300. In yana cin kilomita 80 a yini, kwana 16 ke nan, in an haɗa da ranakun hutu ya kai mako uku. Ya zaɓi hunturu ne saboda babu ruwan sama, kuma iskar tana busowa daga arewa maso gabas, wato a bayansa za ta riƙa turo shi, ko da yake ƙurarta tana rage wa direbobi gani. Kayan gyara: famfo, faci da sholisho, tif biyu, sifana, filaya, ɗan giris. Kayan ci: garin kwaki, ƙuliƙuli, dabino, sukari da gishiri na haɗa ruwan da ke mai da ƙarfin wanda ya yi zufa. Sai bargo, gidan sauro, darduma, tocila, waya da abin cajinta, katin shaidar ɗan ƙasa, da takarda daga dagaci mai nuna ko shi wane ne.

Da ya ɗaure su duka a kariya ya hau, keken ya riƙa kaɗa kai kamar jakin da aka yi wa mangala ba daidai ba. Dole ya fara ragewa. Kowace lita ta ruwa kilo guda ce, mai taka keke a rana kuwa yakan sha lita huɗu ko fiye, saboda haka ba zai iya ɗaukar abin da ya wuce na yini ɗaya ba. Ya ajiye tukunya, ya ajiye rabin garin, ya ajiye tamfol ɗin da ya so ya riƙa kafawa. Muna kallo sai muka lura da wani abu: duk abin da ya sauke daga kan keken, ya ɗora shi ne a wuyan wani mutumin da bai taɓa gani ba. Ya ajiye jarkar ruwa saboda ya yi imani akwai wata mata a wani ƙauye bayan Zariya da za ta buɗe masa randa. Ya ajiye tamfol saboda ya sa rai wani ladan zai bar shi ya kwana a barandar masallaci, ko wani maigadin gidan mai ya nuna masa gefe. Tafiyar da ya kira ta mutum ɗaya, tun ba a fara ba ta riga ta ƙunshi mutum ɗari.

Haka ta kasance ga waɗanda suka riga shi. Barry, bayan an tsare shi har sau uku a Burkina Faso da Togo, a Cadi ya tsaya. Wani ɗan jarida ya watsa labarinsa, mutanen da ba su san shi ba suka haɗa masa kuɗin jirgi ya ƙarasa Alƙahira a watan Satumba. Bala ma, kowa ya san ba a taka keke a kan Bahar Maliya. Idan muka ce wane ya yi tafiya shi kaɗai, abin da muke nufi shi ne ba mu san sunayen waɗanda suka ɗauke shi ba.

Wannan ya kawo tambaya ta farko mai nauyi. Shin ya halatta mutum mai lafiya, wanda babu abin da ya kore shi daga gida, ya je yana cin alherin talakawan hanya don biyan buƙatar ransa? Matar da za ta ba shi ruwa wataƙila tafiyar rabin sa'a ta yi kafin ta ɗebo shi. Malamanmu suna ba da labarin wasu mahajjatan Yaman na farkon Musulunci da suke fitowa ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso sai su koma roƙon mutane, har aka umarce su da su riƙa yin guzuri. Abin da muka ɗauka daga nan shi ne, akwai bambanci tsakanin baƙo da kaya. Baƙo yana zuwa da abin da zai iya riƙe kansa, ya karɓi abin da ba ya ɗaukuwa, kamar inuwa da ruwa da kwatance. Kaya kuwa sai an ɗauke shi gaba ɗaya. Idan ƙanenmu ya tara kuɗin abincinsa na mako uku daga riɗin da ya noma, ya biya mai shayi, ya biya mai faci, bai langaɓe wa kowa ba, to ruwan da zai roƙa ba zalunci ba ne. Hasali ma karɓar baƙo al'ada ce da take mutuwa in ba a amfani da ita, kamar rijiyar da aka daina ja. Zaurukan gidajenmu don wa aka gina su in ba don irinsa ba? Sharaɗin dai shi ne ya dawo da sanin cewa ya ci bashi, kuma ba waɗanda suka ba shi zai biya ba, baƙon da zai tsaya a ƙofarsa wata rana shi zai karɓa.

Tambaya ta biyu ta fi wannan ɗaci, kuma Baffa ne ya faɗe ta ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce, "In aka ɗauke ka tsakanin Kaduna da Abuja, wa za a kira? Ni za a kira. Gonar wa za a sayar? Ta marayun nan." Babu wanda ya iya ba shi amsa. A ƙasar da ake garkuwa da mutane, kalmar "raina ne" ta daina zama gaskiya ko a lissafin kuɗi, balle a lissafin zuciya. Hanyar da yake magana a kanta ita ce wadda mutane suka guje wa suka koma jirgin ƙasa, jirgin ma aka tare shi ranar 28 ga Maris 2022. Can kudu kuma akwai wani haɗarin na daban, wato zargi. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, an kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, bayan an tare motarsu an ce masu satar mutane ne. Saurayi Bahaushe shi kaɗai, da ƙunshi a bayan keke, wanda ba ya jin yaren garin, yana iya zama abin tsoro ga mutanen da su ma tsoro ya cika su. Ba a banza ba malamai suke hana mutum tafiyar dare shi kaɗai, suke son matafiya su kai uku. Ayari ba al'ada ce kawai ba, shaida ne: in an tambayi wane ne wannan, akwai bakin da zai amsa.

Da a nan maganar ta tsaya, da mun ce Baffa ya yi nasara mun tashi. To amma akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu, ko da ba daɗi. Kowane rani, samarin ƙauyukanmu na Birnin Kudu da Gwaram suna hawa saman tirela, a kan buhuna ko a tsakanin shanu, su bi wannan hanyar dai har Legas da Fatakwal, cikin dare, babu abin riƙewa. Muna raka su bakin titi, mu sa musu albarka. Duk shekara muna jin labarin wadda ta kife. Ba mu taɓa tara mutane a zaure don mu tambayi ɗayansu ko ransa nasa ne ba, saboda mun san zai aiko da kuɗi. Ashe ba haɗarin ne ya dame mu ba, rashin riba ne. Mun yarda ɗa ya sa ransa a kasada don naira, ba mu yarda ya sa shi don sani ba. Ana iya cewa wancan larura ce, wannan kuwa ganin dama, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma mu tambayi kanmu: mutumin da duk tafiyar da ya taɓa yi yunwa ce ta aike shi, yaushe zai san ƙasarsa da idon da ba na mai nema ba? Mu da muke zaune kusa da duwatsun Birnin Kudu masu zanen shanu na mutanen da, waɗanda baƙi suke tasowa daga nesa don su gani, mu nawa ne muka taɓa hawa muka duba? Tsoro da talauci sun rage mana faɗin ƙasar nan har ta koma gona, kasuwa, asibiti, maƙabarta. Wanda ya ce yana so ya faɗaɗa ta da ƙafarsa, bai kamata hauka ya zama sunan farko da za mu ba shi ba.

Saboda haka ba mu ga cewa haƙƙin dangi yana nufin su ɗaure shi ba, ba mu kuma ga cewa 'yancinsa yana nufin ya yi musu sallama kawai ya juya ba. Sallama sanarwa ce. Neman izini kuwa yana nufin ka shirya jin "a'a". Mafi yawanmu mun iya na farko, muna kiran sa na biyu. Mukan gama shiri tsaf, mu sayi taya, mu faɗa wa abokai, sannan mu durƙusa gaban uwa a lokacin da hana mu zai zama kunyata mu. Wannan ba izini ba ne, fashi ne da ladabi. Ibn Battuta ya bar Tanja a 1325 yana da shekara 21, shi kaɗai, iyayensa suna raye. Ya zagaya duniya, daga baya har Takedda ta ƙasar Nijar ta yau ya taka, kuma har yanzu ana karanta abin da ya gani. Amma da ya koma gida a 1349, ya tarar duka biyun sun rasu. Mu da muke cin moriyar tafiyarsa ba mu ne muka biya kuɗinta ba. Wata tsohuwa ce a Tanja ta biya, da shekara ashirin da huɗu na sauraren ƙofa.

Mun faɗa wa ƙanenmu haka, kuma abin da ya yi ya ƙara masa daraja a idonmu. Ya kwance kayan daga kan keken, ya mai da shi zaure, ya je wurin mahaifiyarsa hannu biyu. Ya ce, "Inna, in kin ce kada in je, na fasa, kuma ba za ki ga canji a fuskata ba." Ita kuwa, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, ta yi kwana uku ba ta ce komai ba. Ran na huɗu ta kira Baffa ta ce, "Ku gaya wa yaron nan, ubansa ma ya so ya ga teku, bai gani ba." Sannan ta kafa sharuɗɗanta. Ya biya bashin takin da ke kansa kafin ya fita. Ya zuba hatsin gida a rumbu, ya nuna wa ƙanensa lissafi. Kada magariba ta same shi a kan titi. Ya kira ta kullum bayan sallar isha'i, ya faɗi sunan garin da sunan wanda ya sauke shi. Tsakanin Kaduna da Abuja ya sa keken a mota, ko a ce masa rago. Kuma duk ranar da ta ce ya juyo, ya juyo, ko da yana jin ƙamshin ruwan.

Sharaɗi biyun ƙarshe su suka fi yi masa nauyi, kuma a nan muka gano wani ɓangare na niyyarsa da shi kansa bai lura da shi ba. Ya riga ya hango hotonsa a Facebook da TikTok, a bakin teku, ya ɗaga keken sama, an rubuta cewa bai taɓa sauka ba. Ba laifi ba ne mutum ya so a yaba masa, kuma wayar nan ita ce ayarinsa na zamani, ita za ta sa a san inda yake. Amma masu kallo ba sa biyan kuɗin fansa, kuma sun fi son labarin wanda bai juyo ba, ko da gawarsa ce ta ƙarasa. Idan tafiyar don gani ce, kilomita 190 a cikin mota ba ta rage komai daga abin da zai gani a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Idan kuwa don a gan shi ne, to lallai ta ɓata. Muna jin duk mai shirin irin wannan tafiya ya kamata ya yi wa kansa wannan tambaya tun keken yana zaure: da za a ce babu wanda zai taɓa sani, zan je? Kuma da za a ce in juyo a rabin hanya, zan iya shiga gari da rana? Wanda bai tanadi amsar ta biyu ba, bai gama guzuri ba, ko da famfonsa sabo ne.

To ran mutum nasa ne? Inda muka tsaya shi ne, amana ce a hannunsa, kuma akwai masu hannun jari a ciki: wadda ta haife shi, waɗanda yake ciyarwa, waɗanda za su sayar da gona in ya faɗa hannun mugaye. Ba su da ikon su hana shi rayuwa don su samu kwanciyar hankali, domin da haka ne da babu wanda ya taɓa barin garinsu. Shi ma ba shi da ikon ya kashe kwanciyar hankalinsu kamar kuɗin aljihunsa. Abin da ke tsakani shi ne ciniki na gaskiya, inda kowa ya rage wani abu. Ita ta rage barcinta na mako uku. Shi ya rage alfaharinsa. Baffa har yanzu bai yarda ba, kuma ba mu ce ya yi kuskure ba, domin duk sharuɗɗan nan ba su ɗaure hannun direban da barci ya ɗauke ba. Yana yiwuwa a yi komai daidai kuma a yi kuka. Wannan ma yana cikin abin da aka amince da shi, kuma ya kamata a faɗe shi da baki tun yanzu.

Shekaranjiya ya yi gwaji, ya je Dutse ya dawo da kayan a ɗaure. Ya dawo yana tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya, ya ce sirdin ne, sai an naɗa masa soso. Ya gano bargon ya yi nauyi, kuma faci ɗaya ya ɗaga saboda bai bari sholishon ya sha iska ba. Saura bashin taki, ya ce sai ya sayar da buhu biyu ranar kasuwar Sara. Da muka leƙa zauren jiya da yamma, mun tarar Baffa a tsugune gaban keken, yana matsa tayar baya da babban yatsa, yana faɗa shi kaɗai wai wa ya ɗaura wannan birki haka sakwa-sakwa. Sai ya aika a kawo masa sifana.